Na tace bayanai ashe ba su tacu ba, kuma malamina ya riga ya ga sakamakon

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san R, yaren kwamfuta na nazarin alƙaluma, su leƙo, saura kwana goma sha biyu in gabatar da babi na huɗu.

Digiri na biyu nake yi, aikina a kan ruwan sama. Na sauko da bayanan CHIRPS (ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta a intanet) na garuruwa huɗu, Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram, daga 1981 zuwa 2020. Na haɗa su shekara-shekara, kowane gari layi arba'in, duka layi 160. Kolum uku ne: gari, shekara, jimilla. Sai na rubuta ɗan fankshin da zai riƙa ciro mini garin da nake so daga shekarar da nake so:

```
zabo <- function(ruwa, gari, daga) {
  if (daga > 1981) {
    sabo <- filter(ruwa, gari == gari, shekara >= daga)
  }
  sabo
}
```

Makon jiya na tura wa malamina na Kano kaɗai. Na kwatanta duka shekarun tun 1981 da na 1991 zuwa 2020, sai ya nuna ruwan Kano ya ragu sosai. Ya ji daɗi, har ya ce a kan wannan za mu gina babi na biyar. Jiya da daddare na zo yin na Katsina daga 1991, ya ba ni adadin da ya ba ni na Kano, ko ɗigo bai canza ba. Na gwada Damagaram, shi ɗin ne dai. Damagaram da Kano fa! Na kai fayil ɗin kwamfutar ƙawata, can kuma da na sa 1981 sai ya ce bai ga `sabo` ba, alhali a tawa lafiya lau yake tafiya.

In zauna in gyara da kaina, ko in raba teburin gida takwas a Excel da hannu, ko in ba wani mai analisis da ya ce zai yi mini komai a SPSS, wata manhajar nazarin alƙaluma, a kan naira dubu ɗari da ashirin? Sannan malamin, in gaya masa yanzu ko sai na riƙe sahihin adadi a hannu?

Sarkin Kod:
Wa alaikumus salam. Ki bar R ɗin nan ki koma Python. Da pandas, kayan sarrafa teburi na Python, layi ɗaya ne: `ruwa.query("gari == @gari")`. Kwana uku kin iya.

Ɗan Kurmi:
Hajiya kin zo tankaɗen gari, gari ya fito da tsakinsa gaba ɗaya. Wannan ba rariya aka sayar miki ba, faifai ne 😂

Malam Habu:
Maman Nana, kada ki ba kowa ko sisi tukuna. Matsala biyu ce, duka a layuka huɗun nan suke.

Ta farko `gari == gari`. Idan `filter` na dplyr (kayan sarrafa teburi na R) ya ci karo da suna, teburin yake fara dubawa kafin ya duba waje. Ya ga kolum mai suna gari, sai ya ɗauki na hagu da na dama duk kolum ɗin ne. Kin tambaye shi ko Kano ita ce Kano, ko Maraɗi ita ce Maraɗi, ya amsa miki e a kowane layi. Sunan garin da kika miƙa wa fankshin ɗin ko kallonsa bai yi ba. Buga `nrow(zabo(ruwa, "Kano", 1991))` ki gani. Kamata ya yi ya ce 30, amma 120 zai ce. Abin da kika kai wa malaminki da sunan ruwan Kano daga 1991, matsakaicin garuruwa huɗun ne a haɗe, kuma sauran ukun duk ba su kai Kano ruwa ba, dole adadin ya yi ƙasa.

Ta biyun ta fi ban tsoro. Idan `daga` 1981 ce, sharaɗin `if` bai cika ba, saboda haka ba a haifi `sabo` a cikin fankshin ɗin ba sam. To R idan bai sami suna a ɗaki ba, ba ya haƙura, tsakar gida yake fita nema, wato wurin da aka rubuta fankshin ɗin. A kwamfutarki akwai wani tsohon `sabo` kwance a can, ina jin wanda kika yi da hannu tun kina gwaje-gwaje, RStudio kuma yana ajiye shi a fayil ɗin .RData, kullum kika buɗe ya dawo miki da shi. A ta ƙawarki babu shi, shi ya sa ta yi ƙorafi. Tata ce ta gaya miki gaskiya.

An kira magariba, in na dawo zan rubuto gyaran.

Abu Sadik:
Kin tabbata kin sa `library(dplyr)` a sama? Akwai wani `filter` na asali a R da ba aikinsa ke nan ba, ni shi ya wahalar da ni sati guda.

Maman Nana:
Na sa, Abu Sadik. Malam Habu, Allah ya saka da alheri, ina jira. Gabana sai faɗuwa yake.

Baban Walid:
Ni kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai cikin saƙonki: mai analisis. Ƙanwata, bari in ba ki labarina, in kin ga dama ki ɗauka.

Digiri na uku na yi a fannin lafiyar al'umma. Takardun tambayoyi 640 na cike a ƙananan hukumomi uku, da kuɗin aljihuna, har babur ɗina sai da na sayar. Da aka zo nazari ban iya SPSS ba, wani abokin aiki ya haɗa ni da wani yaro da kowa ke yabo. Dubu ɗari da tamanin na ba shi, biya biyu. Teburin farko da na nema na mata masu juna biyu ne kaɗai. Ya shiga Select Cases ya ware su, su 212, ya fitar da teburin. Daga nan bai kashe tacewar ba. Wanda ya san SPSS ya san ba ya goge sauran mutanen, ɗan layi kawai yake ja a kan lambobinsu a gefe, sai wani ƙaramin rubutu a can ƙasan allo da ba mai kallo. Tebur goma sha bakwai suka biyo baya, na gidan sauro, na ruwan sha, na kuɗin shigar gida, duka a kan mutum 212 aka yi su, ni kuwa ina rubuta cewa na mutum 640 ne. Kashi cikin ɗari kawai ya sa a teburan, bai sa yawan mutane ba, ta ina zan gane?

Malamina ya karanta, ya wuce. Kwamitin sashe ya karanta, ya wuce. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje, wani dattijo mai magana a hankali, ya buɗe shafi ɗaya ya ce, "Malam, mutum nawa ka ce ka tambaya?" Na ce 640. Ya ce, "To me ya sa df ɗin gwajin t ɗinka 210 ne?" Wato lambar da ke tona yawan mutanen da aka yi gwajin a kansu, 212 a cire biyu. Wallahi har yau in na tuna shirun da ɗakin nan ya yi sai in ji zufa. Matata tana waje da kulolin abinci ta kawo wa baƙi.

Shekara guda da wata biyu na ƙara. Na sake biyan kuɗin makaranta, ƙarin girma a wurin aiki ya wuce ni, wanda muka fara tare yanzu shi ke sa hannu a takardar hutuna. Na koma wurin yaron, ya ce shi abin da na ce ya yi shi ya yi. Na ce ba ni sintaks ɗin, wato rubutaccen jerin umarnin da ya ba SPSS, in ga inda aka kauce, ya ce shi ba ya ajiye wannan, danne-danne kawai yake yi. Bayan sati biyu lambarsa ta daina shiga.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Baban Walid. Amma dubu ɗari da tamanin? Ni dubu talatin da biyar na biya nawa, kuma lafiya na wuce. Maman Nana, dubu ɗari da ashirin a kan layi 160 zalunci ne tsagwaronsa.

Injiniya Bala:
Dubu talatin da biyar a wace shekara? Ƙanina watan jiya dubu ɗari biyu da hamsin aka ce masa, da ƙyar aka bar masa a ɗari biyu. Kuma "lafiya na wuce" ba ya nufin aikin daidai ne, yana nufin ba ki haɗu da irin dattijon Baban Walid ba.

Uwar Biyu:
Injiniya, ka ga kundina ne? Ka iya bakinka don Allah.

Mai Alƙaluma:
Ni wannan sana'ata ce, shekara tara. Kada a yi mana kuɗin goro. Digiri na biyu dubu sittin nake karɓa, na uku ya danganta, kuma ina haɗawa da sintaks da ɗanyen sakamako. Ku kuma ku faɗi naku laifin: ɗalibi zai zo saura kwana huɗu, ya ce malaminsa yana son sakamakon ya fito kaza. Wasu ma ba su san yawan mutanen da suka tambaya ba. Maman Nana, in kina so ki yi mini magana ta gefe.

Ɗan Kurmi:
Ana zaman makoki, mai tallar likkafani ya iso 😂

Na Maraɗi:
Mu nan jikka talatin zuwa hamsin na sefa ake biya, amma ba shi ya kawo ni ba. Malama, ki duba ko akwai -9999 cikin abin da kika sauko da shi, da shi CHIRPS ke nuna wurin da babu awo. In guda ya shiga lissafin matsakaici, ya ɓata komai. Kuma kowa ya ce miki ruwan Damagaram daidai yake da na Kano, ki ce ya zo ya ga geronmu.

Dakta A.:
Na karanta duka. Maman Nana, layi 160 ne fa, ba dubu ɗari da sittin ba. Buɗe Excel, ki tace gari-gari, ki ɗauki matsakaici, minti ashirin kin gama. Ku yaran yanzu komai sai kun sa kod, ga shi kod ɗin ya kai ki ya baro. Na duba ɗalibai sun fi ashirin, ba wanda aka taɓa tambaya da wace manhaja ya ɗauki matsakaici.

Sarkin Kod:
Da girmamawa Dakta, Excel ɗin ma ya kai manya ya baro. Reinhart da Rogoff, manyan masana tattalin arziki a Amurka, sun fitar da takarda a 2010 a kan bashin ƙasashe, 'yan siyasa suka yi ta kafa hujja da ita. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu na Excel ya ga wurin ɗaukar matsakaici ba su ja zaɓin ya kai ƙarshe ba, ƙasashe biyar sun faɗi waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Teburin nan ma ƙasa ashirin ne kacal.

Dakta A.:
Kai da ka ce ta koyi sabon yare cikin kwana uku alhali saura mata goma sha biyu, kai ne za ka yi mini lacca? Kundi nawa ka taɓa dubawa? Koyon abu a YouTube daban, kai ɗalibi gaban kwamiti daban.

Sarkin Kod:
Ban taɓa duba ko ɗaya ba. Amma na Baban Walid ma masu duba kundi ne suka wuce da shi.

Baban Walid:
Ku daina sa sunana a rigimarku. Amma gaskiya ya faɗa.

Malam Habu:
Na dawo. Ga gyaran:

```
zabo <- function(ruwa, wane_gari, daga = 1981) {
  filter(ruwa, gari == wane_gari, shekara >= daga)
}
```

Na canza sunan don kada ya yi karo da na kolum. Idan kin fi son tsohon sunan, rubuta `.data$gari == .env$gari`, na farko na teburi, na biyu na waje. Alamar @ da Sarkin Kod ya sa a pandas wannan aikin take yi, ya ba ki maganin bai gaya miki cutar ba. `if` ɗin kuwa cire shi na yi gaba ɗaya, don `shekara >= 1981` ba ya zubar da komai, ba ya buƙatar sharaɗi. In wata rana kina son tacewa mai sharaɗi da gaske, misali wani lokaci gari ɗaya wani lokaci duka, ki mayar da sakamakon kan sunan da ya riga ya wanzu: `if (!is.null(wane_gari)) ruwa <- filter(ruwa, gari == wane_gari)`. Ko sharaɗin ya cika ko bai cika ba, `ruwa` yana nan cikin fankshin ɗin, ba sai R ya fita nema ba. Kuma wannan ba ya taɓa teburinki na asali da ke waje.

Kafin ki gwada, shiga Tools, Global Options, ki cire alamar da ke dawo da .RData, ki sa kada ya riƙa adanawa in za ki rufe. Danna Ctrl+Shift+F10 R ya tashi sabo, ki gudanar da fayil ɗin daga layin farko. A ƙarƙashin kowace tacewa ki sa irin wannan: `stopifnot(nrow(kano) == 30)`. In adadin ya saɓa, nan take zai tsaya.

Dakta A.:
Malam Habu, a wace jami'a kake koyarwa?

Malam Habu:
Sakandare nake koyar da lissafi, Dakta. R ɗin don aikin wata ƙungiya na koya.

Uwar Biyu:
To sai me? Shi kaɗai ya karanta kod ɗin da ta liƙo, mu duk surutu muke.

Sarkin Kod:
Ni dai a Python wannan fankshin ɗin da ya yi mata ihu tun ranar farko. In ka ba suna ƙima a ko'ina cikin fankshin, Python yana ɗaukarsa ɗan gida ne, in sharaɗin bai cika ba UnboundLocalError zai jefo, ba ya zuwa aro a waje.

Malam Habu:
Wannan haka yake. Amma a Jupyter, inda ake rubuta kod ɗin Python akwati-akwati, in a fili ka rubuta `if` ɗin ba cikin fankshin ba, tsohon sunan da ka bari a wani akwati tun safe yana nan yana jiranka. Na ga wanda ya goge akwatin ma, sunan bai tafi ba sai da ya sake tayar da komai.

Hajiya Turai:
Ba wanda ya tsira. Mu masu amfani da manhajar Stata in ka ce `keep if shekaru > 49`, duk wanda ba a rubuta shekarunsa ba zai biyo ka, don Stata yana ɗaukar gurbin da ba komai ya fi kowace lamba girma. Na taɓa samun jarirai cikin rukunin tsofaffi ta haka. Sannan `local`, sunan wucin gadi da ake ajiye ƙima a ciki, in ka haska layuka biyu ka gudanar, da sun gama ya ɓace, in ka kira shi a gaba ba zai ce maka komai ba, fanko zai saka a wurin.

Maman Nana:
Malam Habu, 120 ɗin ne wallahi. Na duba tsohon `sabo`, Kano ce layi arba'in, tun watan da na fara na yi shi. Na gyara, kowane gari ya fito da nasa. Malam Na Maraɗi, babu -9999, na duba. Amma ga wata sabuwa: yanzu ruwan Kano daga 1991 ya fi na duka shekarun yawa. Ba ragewa ya yi ba, ƙaruwa ya yi. Akasin abin da malamina ya yi murna da shi ke nan.

Na Maraɗi:
Ai haka ya kamata ya fito. Shekarun 1980 su ne na fari, 1984 ba wanda ya manta da ita nan, tsofaffinmu El-Buhari suke ce wa yunwar. Bayan nan ruwa ya ɗan dawo a Sahel. Da kin kai ragewa gaban wanda ya san yankin, da ya tsayar da ke.

Dakta A.:
To tunda an zo nan, kwatancen ma da gyara. Kina auna 1981 zuwa 2020 da 1991 zuwa 2020, shekara talatin suna cikin ɓangarorin biyu. Ki auna 1981 zuwa 1990 da 1991 zuwa 2020, na biyun shi ne ma'aunin shekara talatin da hukumar yanayi ta duniya ke aiki da shi yanzu. Wannan kod ba zai gaya miki ba, sai wanda ya duba kundi.

Malam Habu:
Gaskiyar Dakta ce. Sai ki ƙara `zuwa` kusa da `daga`.

Maman Nana:
Na gode Dakta. To malamin fa? In kira shi gobe?

Injiniya Bala:
Kada ki ce kuskurenki ne. Ki ce kin sabunta bayanan.

Baban Walid:
A'a. Ki je da teburan biyu ki nuna masa layin da ya jawo.

Uwar Biyu:
Ya danganta da irin malamin. Wata ƙawata da ta kai gyara irin wannan, cewa ya yi wa ya sa ta amfani da R tun farko, sashe SPSS ya sani. Kuma ya ba ta lambar wanda za ta kai wa. Kullum mutum ɗaya yake tura ɗalibansa wurinsa, ku gane da kanku.

Mai Alƙaluma:
Ni ba malamin da ke turo mini kowa, kafin a fara kallona.

Hajiya Turai:
Ni abin da nake jiye miki daban ne. Ranar gabatarwa wani zai ɗaga hannu ya ce CHIRPS na tauraron ɗan'adam ne, ina bayanan tashar awon yanayi? Ko kin ce masa Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara da ke haɗa shi tana cakuɗa hoton tauraro da awon tashoshi, ba zai saurara ba. Ni haka aka tura ni wani ofis neman na tasha, shekara talatin na gari ɗaya aka ce in kawo dubu casa'in, na yi wata biyu ina sintiri, da aka ba ni hoton takarda ne, sai da na sake bugawa da hannu, kuma shekara huɗu babu komai a ciki.

Injiniya Bala:
Dubu casa'in? Mu kowace shekara daban aka yi mana kuɗi, kowane abu daban, ruwa daban zafi daban. Da wasiƙar makaranta ma wai an rage.

Uwar Biyu:
Ni kyauta aka ba ƙanwata, ta dai san wani a ciki.

Hajiya Turai:
To kun gani. Ma'aikacin da ke karanta ma'aunin nan kowace safiya da kuɗin waye ake biyansa albashi? Sannan in ka sa wanda ke kyauta a intanet a ce ba ka yi bincike ba.

Na Maraɗi:
Hajiya, shekarun huɗu da babu komai, da me kika cike su?

Hajiya Turai:
Da CHIRPS mana.